Yallaɓai Rage-Gudu Ya Hau Tarakta

Ba kowace ƙungiyar manoma Allah yake yi wa baiwa da mutum irin Yallaɓai Rage-Gudu ba. Wasu sai su shekara hamsin suna noma, suna girbi, suna kai amfani sito, ba su taɓa sanin a bakin kabari suke ba. Wannan ƙungiya kuwa ta yi dace. Ta sami mutumin da ya dubi taraktarta guda ɗaya tilo, tsohuwa, ja, mai tari sau uku kafin ta tashi, ya hango a jikinta bala'in da ba wanda ya taɓa hangowa: gudu.

Shi ne Shugaban Kwamitin Kiyaye Haɗurran Injinan Noma a Kan Titin Jama'a. Shi ya kawo shawarar a kafa kwamitin, shi ya tsayar da kansa, shi ya goya wa kansa baya, da aka ce a ɗaga hannu kuma ya ɗaga biyu. Sauran manoma sun amince ne saboda rana ta take, kuma sun ɗauka in an ba shi kujerar zai daina jawabi. Ashe fara ce suka buɗe wa ƙofar gona.

Kafin ya zama ginshiƙin tsaron hanya, shekara ashirin ya yi yana buga hatimi a wani ofis, har ya yi ritaya hatimin bai taɓa karkacewa ba. Gonarsa kuwa, kana iya zagaye ta kafin ku gama gaisawa da maƙwabci. To amma noma ba da fartanya kaɗai ake yinsa ba. Akwai masu yinsa da baki, kuma a wannan fanni Yallaɓai bai taɓa ganin shekarar fari ba.

Tun ranar da ya hau kujera ya sayi riga mai ƙyalli ya ɗora a kan tufafinsa, ya rataya usur a wuya, ya kifa hular kwano. Da su yake zuwa kasuwa, da su yake zuwa dubiyar mara lafiya. An ce wani tsoho da ke kwance ya buɗe ido ya gan shi a kansa yana walƙiya, ya ɗauka tafiyar ce ta zo.

Mai tuƙa taraktar kuwa, Direba kowa yake ce masa. Shekara goma sha bakwai yana kanta, ko kaza bai taɓa takewa ba. Baƙin mai ya shige layukan tafinsa har sabulu ya haƙura. Ba mai yawan magana ba ne; in ka tambaye shi lafiyar inji, sai ya kunna maka ka ji da kunnenka. Da makullin taraktar nan yake ciyar da mace ɗaya da 'ya'ya biyar. Kuma cikin ƙaddarorin da Allah ya rubuta masa, matar nan tasa ƙanwar Yallaɓai ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

A zaman farko na kwamiti, Direba ya ɗaga hannu ya ce fitilar bayan tirela ta mutu tun bara, in magariba ta kusa mota ba ta ganinsa sai ta zo dab. Ƙwan fitila ɗaya yake so. Yallaɓai ya jinjina kai, ya yaba da wannan kishi, ya ce za a kafa ƙaramin kwamiti ya duba. Daga nan kwamiti ya sayo usur goma sha biyu, da hatimi, da wani ƙaton allo da za a kafa a bakin titi, mai ɗauke da hoton Shugaba yana ɗaga tafin hannu. Ƙwan fitila yana nan ana dubawa.

Sai aka zo kan babbar doka. Hukuma dai ta riga ta ƙayyade gudun da tarakta za ta yi a kan titi, kuma Direba bai taɓa wuce shi ba, don ko shi ya so, tsohuwar ba za ta yarda ba. Amma Yallaɓai ya miƙe, ya gyara usur, ya ce:

"Jama'a, hukuma tana nesa, ba ta san darajar ranku kamar yadda na sani ba. In ita ta ce a rage, mu da muka fi ta kishi sai mu rage ragin. Daga yau, duk injin noma da ya ɗora taya a kan kwalta, kilomita biyar a awa. Biyar! Magabata sun ce sannu ba ta hana zuwa."

Daga bencin baya Direba ya ce, "Sai dai a daɗe ba a je ba, Yaya."

"A gida nake Yaya," in ji Yallaɓai. "A nan Shugaba nake. A rubuta cewa an katse Shugaba."

Ba a yi mako ba amfanin dokar ya bayyana. Daga gonaki zuwa sito kilomita takwas ne, tafiyar da a da Direba yake yi sau shida a yini. Yanzu sai ya yi biyu da kyar. In ya hau titi, motoci sukan jeru a bayansa kamar masu rakiyar gawa, ana ta oda, ana ambaton iyayensa da kakanninsa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Masu gajen haƙuri suka fara wuce shi a kan kwana, ido rufe. Sau biyu motoci suka yi gaba da gaba har aka ji ƙaurin taya. Wata mata mai ɗauke da itace a ka ta wuce shi, ta yi masa sannu da aiki, ta je gida ta sauke, ta dawo, ta sake yi masa sannu. Titin da bai taɓa sanin haɗari ba ya fara jin ƙanshinsa. Yallaɓai ya ce wannan shaida ce cewa dokar ta zo a kan kari.

Ana nan kaka ta yi, masara ta bushe, kowa yana jiran layinsa. Ranar wata Talata Direba ya ɗauko tirela maƙil da buhunan wata bazawara mai marayu, ya hau titi, sai ya ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Ba shi da tamfol. Ya dubi sama, ya dubi buhuna, ya sa giyar da ya saba sawa shekara goma sha bakwai.

Bai san Shugaba yana laɓe a bayan wata bishiya ba, da agogo a hannu, yana ƙirga turakun lantarki. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Usur ya tashi. Yallaɓai ya fito tsakiyar titi da tafin hannu a sama, daidai yadda yake a hoto.

"Turke uku cikin numfashi huɗu! Da idona na auna ka. Wannan ba tuƙi ba ne, yunƙurin kisan jama'a ne."

"Yaya, ruwa ne zai sauko a kan masarar marayu."

"Ruwa ba ya cikin dokokina."

Ya sa shi ya ƙarasa a kan biyar ɗin, shi kuma yana biye da shi a ƙasa yana kula. Ruwa ya same su saura kilomita ɗaya. Buhunan sama suka jiƙe sharkaf. Da Direba ya murɗa taraktar ya shigar da ita ta ƙuntatacciyar ƙofar harabar ƙungiya ya kashe, Yallaɓai ya miƙa hannu ya karɓe makulli, ya rataya shi tare da usur. Ya ce an dakatar da shi. Ranar Asabar za a buɗe allo a gaban jami'in kiyaye haɗurra na hukuma, wanda aka gayyato a matsayin babban baƙo. A nan Direba zai karanta takardar tuba, ya amsa da bakinsa cewa ya yi tuƙin ganganci. In ya ƙi, kora ce ta har abada.

Direba bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya san abin da ke faruwa da lasin mutumin da ya tsaya gaban jami'i ya ce shi mai ganganci ne. In ya karanta, lasin ya tafi. In bai karanta ba, aiki ya tafi. Gaba kura, baya sayaki.

Ranar Alhamis Yallaɓai ya kawo takardar har gida, don tausayinsa ba ya misaltuwa. Ya zo daidai lokacin cin abinci, abin da ya saba faruwa da shi bisa tsautsayi. Ya zauna a kujera mai kyau ɗaya da ke ɗakin, ya ci, ya ƙara, sannan ya goge hannu ya zaro shafi uku.

Ƙanwarsa ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ludayi. "Yaya, wai yaran nan da ka cinye rabonsu, ranar Lahadi takardar za su ci?"

"Doka ba ta san suruki ba," in ji shi.

"Amma ta san hanyar kicin ɗinsa."

"Ke mace ce, ba za ki gane nauyin da ke kaina ba. Rayuka ne a wuyana."

"Usur ne a wuyanka, Yaya. Ina ganinsa daga nan."

Direba ya miƙa hannu. Ya karɓi takardar, ya duba gabanta da bayanta, ya ninke ta huɗu, ya cusa ƙarƙashin ƙafar teburin da ya daɗe yana rawa. Tebur ya tsaya cak. Ya ce, "An gode, Yaya. Ta yi amfani."

Kwana huɗu tarakta tana tsaye, masarar mutane tana zube a gona, ruwa yana leƙo ta safe da yamma. Manoma suka fara zuwa ƙofar Yallaɓai ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar wa zai yi tuƙi. Ya ce kada kowa ya damu. Wanda ya rubuta dokar tuƙi ai ya fi mai tuƙin sanin tuƙi, kamar yadda likita ya fi mara lafiya sanin ciwo. Ranar Asabar shi da kansa zai gwada wa duniya yadda ake tafiyar da tarakta cikin ilimi. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa.

Asabar ta zo. Aka jera kujeru a bakin titi, aka lulluɓe allo da farin ƙyalle, aka ɗauko mai hoto. Taraktar kuwa ƙarti shida aka sa suka turo ta waje tun da safe, don a cewar Shugaba, kunna inji kafin buɗe taro ya saɓa wa tsari. Jami'in hukuma ya iso, wani dogo mai furfura a gefen kai da idanun mutumin da ya ga abubuwa da yawa a kan kwalta kuma ba ya son ƙari. Aka zaunar da shi a gaba. Direba ya tsaya can baya, ya harɗe hannu, matarsa a gefensa.

Yallaɓai ya yi jawabi na awa ɗaya da kwata. Ya faro daga ranar da ɗan'adam ya ƙirƙiro taya. Ya ce kafin zuwansa titin nan mayanka ce. Ya ce tarihi zai tuna da shi ko da mutane sun manta. Da ya ga babban baƙo ya fara gyangyaɗi, sai ya busa usur don jaddada wata magana. Daga ƙarshe ya kira Direba ya fito ya karanta takardar tubansa.

"Na bar ta a gida tana aiki," in ji Direba.

"To ka kori kanka da kanka. Jama'a ku shaida. Yanzu kuma ku buɗe ido ku ga bambancin jahilci da sani."

Ya nufi tarakta. Hawa kaɗai ya ɗauke shi yunƙuri uku, na ukun da taimakon mutum biyu daga baya. Ya zauna, ya dubi ƙafafunsa, ya ga feda ta fi yawan da ya zata.

A nan ne Direba ya tuna da birki. Tarakta ba mota ba ce: birkinta feda biyu ne a jere, ɗaya na tayar hagu, ɗaya na tayar dama. A gona ko a wuri mai ƙunci, sai ka taka ɗaya, taya ɗaya ta tsaya, inji ya juya a kanta kamar jaki a turke. Amma kafin a hau titi, dole a tura wata 'yar sakata ta ƙarfe da ke haɗe su biyun su zama ɗaya. Wannan shi ne abu na farko da ake koya wa duk wanda zai taɓa sitiyarin tarakta. Ranar Talata Direba ya zare sakatar don ya shiga ƙofar haraba, kuma tun daga ranar ba a bar shi ya matso kusa ba. A cikin dokoki arba'in da bakwai na Shugaba, har da launin rigar da direba zai sa, babu inda aka ambaci sakata.

Direba ya ɗaga murya. "Yaya! Sakatar birki! Tura ta kafin ka..."

"Korarre ba ya magana a taro," in ji Yallaɓai, ya busa usur.

"Don Allah, Yaya, dubi ƙafarka ta dama."

"A fitar da shi in ya ƙara."

Direba ya bar maganar, ya shiga janye mutane daga bakin titi, yana cewa su matsa baya, su ɗauke kujeru. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, amma ba dole sai da 'yan kallo ba.

Bayan minti goma na laluben giya, wanda Shugaba ya bayyana a matsayin darasi kan haƙuri, tsohuwar ta yi tari uku, ta yi tsalle ɗaya, ta hau kwalta. A gaskiya, tafiyar ta yi kyau. Tana rarrafe, shi yana zaune ƙiƙam kamar an dasa shi, hular kwano tana sheƙi. Ya yi taku ashirin cif ba abin da ya faru. Sai ya iso daidai allo, ya ga mai hoto ya durƙusa ya saita. Wane irin shugaba ne zai wuce hotonsa ba tare da ya tsaya an ɗauke su tare ba? Ya saki sitiyari, ya ɗaga tafin hannu, ya taka birki da dukan ƙarfin muƙaminsa. Feda ɗaya ya samu, ta dama. Kuloci kuwa, fedar da ke raba inji da tayoyi, bai san da zamansa ba.

Tayar dama ta kafe. Ta hagu ta ci gaba da aikinta. Taraktar ta juya a hankali, cikin natsuwa da bin doka, ta fuskanci allo, ta tura shi ya kwanta da ƙyallensa, ta bi ta kansa, ta zura hanci cikin lambatun gefen titi wanda ruwan kwana huɗu ya cika da laka. Inji ya yi tari na ƙarshe ya mutu. Shugaba ya zame daga kujera ya sauka a zaune, laka har ƙirji, usur a baki. Da ya ja numfashi zai yi magana, usur ya yi wani ɗan kuka kamar na ɗan tsako.

Ba wanda ya ji ciwo. Shi ya sa dariyar ta fito da dukan ƙarfinta.

Jami'in hukuma ya tashi, ya karkaɗe wandonsa, ya tako bakin lambatu yana zaro littafi daga aljihu. Ita kuwa tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, don haka Yallaɓai ya riga shi magana:

"Kamar yadda babban baƙo ya gani, na shirya wannan ne don in nuna wa jama'a illar injin da ba a kula da shi. Kuma a rubuta: ban wuce ƙa'ida ba. Kilomita huɗu nake yi."

"Na yarda," in ji jami'in. "Shekara ashirin da shida ina wannan aiki, ban taɓa ganin wanda ya yi haɗari a gudun da mai sanda zai wuce shi ba. Ina lasinka?"

Yallaɓai ya laluba cikin laka ya zaro katin shaidar kwamiti.

"Wannan wa ya ba ka?"

"Kwamiti."

"Wa ya sa hannu?"

"Shugaban kwamiti."

"Lasin tuƙi nake tambaya, Malam. Na tarakta, ko na mota, ko na babur."

Yallaɓai ya sake laluben aljihu. Sai muryar ƙanwarsa ta taso daga baya, tas kamar an fasa faranti: "Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka. Keke ma sau ɗaya ya hau, muna yara, ni na fito da shi daga cikin ƙaya."

Jami'in ya rubuta abin da zai rubuta, ya yage takardar, ya miƙa masa. Sannan ya juya ya tambayi taro ko akwai mai lasin wannan inji. Direba ya matso, ya ciro nasa daga wata tsohuwar leda, ya miƙa. Jami'in ya duba, ya mayar masa, ya ce, "Kai ne ka yi ihun sakata?" Direba ya ce shi ne. Jami'in ya sunkuya, ya zare makulli daga jikin inji, ya danƙa masa a hannu. Ya ce daga yau duk wanda ya sake taɓa taraktar nan ba wannan mutumin ba, da shi zai yi. Ya ce gudun da hukuma ta yanka ya isa, ba ya buƙatar ƙanin uba. Manoman da masararsu ke jiƙewa a gona suka amsa da murya ɗaya, kuma a wannan karon ba don rana ta take ba.

Direba ya sauka cikin laka, ya tura sakata da yatsa ɗaya, ta ce ƙyas. Aka kawo igiya da katako, kafin awa ɗaya tsohuwar ta fito tana ɗiga. Bai tsaya jin godiya ba, ya ɗaura tirela ya nufi gonaki.

Yallaɓai Rage-Gudu kuwa, kada wani ya ce ya yi asara. Takardar da jami'in ya ba shi sammaci ce, an umarce shi ya bayyana ya yi bayanin tuƙi ba lasin. Amma a samanta, cikin rubutun jami'in hukuma da hatimin gwamnati, an rubuta muƙaminsa cikakke, ba a rage ko harafi ɗaya ba. Ya kai an sa masa ita a gilashi, ya rataye a falo. Duk baƙon da ya shigo, sai ya nuna masa ita daga nesa, ya ce hukuma da kanta ta nemi ganinsa.